Jan Fenti a Bakin Gonata

Gonar tana gindin Dutsen Kwarya, bayan Fagam. Ubana ya bar min ita, shi ma ubansa ya bar masa. Ba wata babba ba ce, amma in damina ta yi kyau tana ba ni dawar da za ta kai mu wata daminar, ga wake a ƙasa. Ba ni da shago, ba ni da babur na haya, ba ni da ɗa a gwamnati. In aka taɓa gonar nan, tukunyar A'i matata aka taɓa.

Ran wata Asabar, ruwa ya ɗauke, dawa ta yi kai tana jiran yanka, na iske mutum uku a bakin gonar. Maza biyu da mace ɗaya. Ɗaya daga cikin mazan ya tsuguna da gwangwani da burushi, yana zana kibiya da jan fenti a jikin dutsen da nake ajiye gorata.

Ni na san jan fenti. Shekarun baya da aka faɗaɗa titi a Birnin Kudu, da shi aka shafa wa shagon surukina. Bayan wata uku katafila ta zo. Ina tsaye a wurin, da hannuna na taya shi tsince kwano.

Na yi sallama. Na ce, "Lafiya?"

Ɗayan, mai tabarau, ya zo ya ba ni hannu. Ya ce, "Lafiya ƙalau, Baba. Sannu da aiki. Sunana Zulkifli, daga Kano muke, amma iyayena 'yan Birnin Kudu ne. Gonarka ce?"

"Tawa ce. Ɗanjuma sunana. Wannan mene ne?"

"Alama ce, Baba. Hanya muke fitarwa."

Na ce, "Ta ina za ta bi?"

Ya juya yana nuna min da hannu, yana murmushi kamar albishir yake min. "Daga filin makarantar can, ta bakin rafi, ta gindin tsamiyar nan, sai ta ratsa nan tsakiya ta hau dutse."

"Tsakiyar gonata ke nan."

"Ai ga 'yar turba nan, ita za mu bi. Ba abin damuwa."

Turbar da yake faɗa, jakina da ƙyar yake wuce ta bai ci min dawa ba.

Na ce, "Da katafila za ku zo?"

Su ukun suka kwashe da dariya. Zulkifli ya ce, "A'a, Baba. Da ƙafa. Mu komai da ƙafa muke yi."

To ni na ga yadda ake awon fili. Ƙafa hamsin nan, ƙafa ɗari can. Na ce a raina, wato awo za a fara. Na daure na ce, "Ƙafa nawa?"

Macen ta amsa. Babbar mace ce, za ta yi sa'ata, da hijabi da takalmin kambas irin na 'yan ƙwallo. Hajiya Raliya suke ce mata. Ta ce, "Ƙafa nawa? To Malam, mu talatin ne, ka ce sittin ke nan."

Suka sake dariya. Ni ban yi ba. Sittin ɗin kawai na riƙe. Na dubi gonata daga wannan gefe zuwa wancan, na cire ƙafa sittin a tsakiya da ido. Abin da ya rage ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙara.

"Yaushe?"

"Asabar mai zuwa, in Allah Ya yarda. Mun riga mun ga mai unguwa."

Ban ko shiga gonar ba. Na wuce wurin mai unguwa kai tsaye, na same shi a zaure yana gyara rediyo.

"Ranka ya daɗe, da saninka za a fitar da hanya ta gonata?"

Ya ce, "Wace hanya kuma? Au, mutanen Kano? Kai Ɗanjuma, yawo za su yi. Sun zo sun gaishe ni, har dabino suka kawo min. Ƙungiya ce ta masu tafiyar ƙafa. Likitoci, malaman makaranta, 'yan kasuwa. Duk wata sai su zaɓi dutse su je su hau. Abin har suna gare shi, wai hayikin."

"Me ke kan Dutsen Kwarya?"

"Ba komai."

"Kabarin wani malami?"

"Babu."

"Magani suke nema?"

"Ba su ce ba."

"To su hau su yi me?"

"Su sauko."

Na dube shi, ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum yana da mota mai sanyi a ciki. Ya taso tun daga Kano, ya ƙona mai, ya ajiye motar, ya shiga rana da ƙafa, ya hau dutsen da ba komai a kai, ya sauko. Kai ka yarda da wannan?"

Ya ce, "Haka dai suka ce."

"Da dabino suka ce."

Ya ce in fita masa daga zaure.

Ni duk rayuwata da ƙafa nake tafiya, kuma ban taɓa yin taku ɗaya don daɗi ba. In na samu mai rage min hanya, har addu'a nake masa. Saboda haka na juya maganar nan ta kowane gefe, ba ta zauna ba. Hanya, jan fenti, ƙafa sittin: waɗannan ukun sun zauna da juna daram. Yawon ne kaɗai bai da wurin zama.

A gida A'i ta ce, "Malam, ba sun bar wa mai unguwa lambar waya ba? Ka sa a kira su ka tambaya da kyau mana."

Na ce, "Wanda zai karɓe maka gona, a waya zai ce maka e, zan karɓe?"

Ta ce, "Ni dai na faɗa."

Ranar kasuwar Basirka na sayo ƙaramin gwangwanin jan fenti da burushi. Mai shagon ya ce, "Ƙofa za a shafa?" Na ce ƙofa.

A gindin tsamiya turba ta rabu biyu. Ta hagu ta shiga gonata ta hau dutse. Ta dama ta shiga gonar Sabo, wadda ke manne da tawa ta gabas, ta zagaya, ita ma tana hawa dutsen amma ta nesa. Sabo taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana. Gonarsa uku, yana da injin niƙa, kuma riɗin da ya shuka a nan ya riga ya yanke. Na auna na ga in dole sai hanya ta ci gonar wani, ta Sabo ta fi dacewa.

Ran Alhamis da sassafe na fita da kwandon kashin shanu. Duk kibiyar da ke jikin dutse ta ɓangarena na lafta mata shi har ta ɓace. Ta jikin tsamiya na kankare da wuƙa. Ɓangaren Sabo ba manyan duwatsu, don haka na tsinto masu faɗi, irin waɗanda mutum zai ɗauka da hannu biyu, na zana wa kowanne kibiyarsa, na jera su tun daga tsamiya, ta cikin gonarsa, har inda ake fara hawa. Allah Ya sani ban yi niyyar ɓatar da kowa ba. Inda suke so su je, can na kai su. Gona kawai na canza musu.

Asabar da hantsi na shige cikin dawa na tsuguna inda nake hango tsamiya. Sai ga su. Maza da mata, da malafa, da sanduna, kowa da jaka a baya kamar masu gudun hijira, amma suna ta dariya. Na duba ko zan ga mai igiyar awo, ban gani ba. Har zuciyata ta fara cewa ko mai unguwa ya yi gaskiya. Sai wani mai tumbi ya tsaya daidai kusa da ni, ya dubi agogon hannunsa, ya ɗaga murya ya ce, "Taku dubu huɗu da ɗari biyu!" Wata ta dubi nata ta ce, "Ni dubu huɗu da ɗari shida." Na ce, to ga shi nan. Awon ma ba da igiya ake yi yanzu ba.

Na gaba suka ga duwatsuna suka bi dama, sauran suka bi su. Zulkifli yana can baya tare da Hajiya Raliya, don ita a hankali take tafiya. Da suka iso tsamiya ya tsaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Hajiya ta yi masa wata magana, ya ɗaga kafaɗa, suka bi mutanensu.

Na koma gida na sha fura har kwano biyu.

Muna idar da sallar la'asar wani baƙo ya tsaya a ƙofar masallaci. Ya ce shi ne direban bas ɗin da ya kawo mutanen Kano, yana jiransu a filin makaranta. Sun ce masa kafin azahar sun dawo. Abincinsu na mota, rabin ruwansu na mota, ya kira wayoyinsu har ya gaji ba ta shiga. Ko akwai wanda ya gan su?

Na ce a raina hanyar Sabo tana da nisa amma ba ta kai haka ba. Sai na ji an ja min riga. Sabo ne, fuskarsa kamar an watsa mata toka. Ya ja ni bayan masallaci.

"Ɗanjuma, na yi ɓarna."

"Ai kullum kana yi. Wacce?"

"Jiya na je gona na iske mutanen nan sun jera min duwatsu masu jan fenti. Hanyar da ake cewa za ta bi ta taka, ashe tawa suka koma. Sai na kwashe na cikin gonar."

"Ka kai ina?"

"Na jera su kan burtalin shanu. Na bi da su har Kwazazzabon Biri."

Kwazazzabon Biri yana bayan dutse. Rami ne mai tsawo, bango ta hagu, bango ta dama, ƙarshensa kuma bango. Ba inuwar kirki, ba ruwa in ba da damina ba, waya ba ta kamawa.

Na ce, "Kai bawan banza! Kwazazzabo ai ba ya ɓullewa!"

"Shi ya sa. Na ce katafilar ta je can ta faɗa."

"Mutane ne suka je, ba katafila ba! Akwai mata a ciki!"

"To wa ya ce su zuba min duwatsu a gona? Ni ina zaman zamana..."

Idonsa ya sauka kan hannuna. Kwana biyu ina wankewa da toka da kananzir, amma gefen farce ya ƙi fita.

"Ɗanjuma, nuna min hannunka."

"Lalle ne."

"Lalle? Kai amarya ce? Allah Ya isa tsakanina da kai! Ni ka tura wa hanya? Ni, ɗan gwaggonka?"

"Gonarka uku."

"Ko goma ce, ubanka ya saya min?"

"Bar wannan yanzu. Ya za a yi?"

Hanya biyu ce zuwa Kwazazzabon Biri. Ta burtali, wadda suka bi, zuwa kaɗai ya fi awa biyu, ga rana ta karkata. Ɗayar kuwa tsagi ne a jikin dutse, wanda ni da Sabo muka sani tun muna kiwon awaki. Rabin awa ne. Amma bakinsa yana saukowa ne a saman gonata, inda ko turba babu, sai dawa a tsaye. In na fito da su ta nan, mutum talatin za su ratsa min amfani, kuma da hannuna na nuna wa masu fitar da hanya hanyar da ta fi kowace sauƙi. Sannan dole su tambayi wanda ya taɓa musu alama.

Sabo ya ce, "Ka san taɓa alamar gwamnati ba wasa ba ne. In suka gane, ba ƙafa sittin ba, gonar gaba ɗaya za su karɓe, su haɗa da kai. Mu yi shiru. A tura masu babur ta burtali."

"Babur ba ya wuce rafin yashi."

"To su kwana. Gobe a je."

Na tsaya ina kallon ƙasa. Ba zan yi ƙarya ba, na daɗe a tsaye. Sai na ji direban yana gaya wa liman cewa akwai wata Hajiya mai ciwon suga a cikinsu, in ta wuce lokacin cin abinci faɗuwa take yi. Na tuna mai kambas ɗin nan da ke tafiya a hankali.

Na ce wa Sabo, "Je ka ciko jarka biyu."

"Ni?"

"Kai ka kai su, kai za ka ɗauki ruwan."

Na shiga gida na ce wa A'i ta dama duk furar da ke gidan a bokiti, ta zuba sukari da yawa. Ta dube ni, ta dubi farcena, ta jawo bokiti. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Muka ratsa gonata, muka shiga tsagin. Sabo yana gaba da jarkoki yana zagina, ina baya da bokiti a ka ina ramawa. Da muka leƙa kwazazzabon muka hango su a zube a gindin bango, kowa ya nemi inda inuwa ta ɗan taɓa. Ba mai dariya yanzu. A kan hanya na ga duwatsuna, na kuma ga abin da ya hana su komowa. Sabo da ya jera su bai kula da inda kan kibiya ya nufa ba. Wata ta nuna gaba, wata ta nuna baya, biyu suna nuna juna, ta ƙarshe ta nuna bango tsaye wanda ko biri sai ya yi shawara.

Na ce, "Kai ko kibiya ba ka sani ba?"

Ya ce, "Na ɗauka ado ne."

Zulkifli ya taso da ƙyar, leɓensa ya bushe. "Baba Ɗanjuma! Alhamdu lillahi. Ta ina kuka ɓullo? Tun azahar muke kai da kawo a nan. Mun koma baya, burtalin ya rabu uku, ba mu san wanda muka biyo ba."

"Ina Hajiya?"

Tana kwance a kan zanen wata, an cire mata takalma, gumi na zuba. Wani a cikinsu, ashe likita ne, ya ce suganta ya sauka, dabinon da suka zo da shi kuma ya ƙare. Da ya ga bokitin ya tambaya ko da sukari, na ce har ya yi yawa. Ya ce shi ake so. Aka ɗago ta ana ba ta da ludayi. Sauran suka yi layi a kan jarkokin Sabo, manyan mutane, suna sha da murfi.

Da Hajiya ta iya zama, na ce, "Ku tashi, magariba ba ta jira. Ku biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Inda na taka nan za ku taka."

Tsagin ya matse, mai tumbin nan sai da aka ja shi ta gaba aka tura ta baya. Mata biyu suka riƙe Hajiya. Muka sauko a saman gonata rana ta yi ja. Na shiga kwarin kunya ɗaya na ce kowa ya bi shi. Amma mutumin da ya gaji ba ya tafiya a miƙe. Ina gaba ina jin karan dawa na karyewa a bayana, ƙas, ƙas, kowanne kamar a haƙarƙarina. Ban waiwaya ba.

A bakin gona, wurin dutsen da na lafta wa kashin shanu, na tsaya. Zulkifli ya dubi dutsen, ya sa sandarsa ya ɗan kankare, ja ya leƙo.

Ya ce, "Ikon Allah. Ni na ɗauka abokin aikina ne ya dawo ya canza, shi kuma bai zo yau ba balle in tambaye shi."

Na ce, "Ni ne. Ni na rufe naku, ni na zana na kan duwatsu. Wannan kuma shi ya kwashe ya kai kwazazzabo." Sabo ya koma bayan jarka. "In ɗauri ne, ga ni. Abu ɗaya nake roƙo, Alhaji. Ku bar ni in yanke dawata kafin katafila ta shigo. Sati uku ya ishe ni."

Ya ce, "Wace katafila?"

"Ta hanyar."

"Wace hanya?"

"Wadda kuka ce kuna fitarwa. Mai ƙafa sittin."

Sai Hajiya Raliya, tana jingine da wata, ta dafa ƙirji ta ce, "Innalillahi. Ni ce. Bakina ne ya ja mana." Ta fara dariya, dariyar ta koma tari. "Malam Ɗanjuma, don Allah dubi ƙasa. Mu nawa ne?"

"Kun ce talatin."

"Kowa ƙafarsa nawa?"

Na dubi takalmansu. Na daɗe ina dubawa. Sabo ya fara wani irin kuka a bayan jarka, na ɗauka ciwo ne, ashe dariya ce.

Na ce, "To hanyar fa?"

Zulkifli ya ce, "Hanyar da za mu bi mu hau, Baba. Don kada na baya su ɓace. Mu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ni magani nake sayarwa."

"Takun da kuke ƙirgawa fa? Da kunnena na ji wancan ya ce dubu huɗu."

Mai tumbin ya ce, "Likita ne ya ce in riƙa taku dubu goma kullum, saboda hawan jini."

"A Kano ba ƙasa?"

"Akwai. Ba dutse."

"In kun hau dutsen me za ku ɗauko?"

"Ba komai, Baba. Mu huta, mu kalli gari."

"Ku gaji don ku huta."

Wani saurayi mai jar hula ya matso yana huci. "Wai ana ta dariya? Mutumin nan ya kusa kashe mana Hajiya! Da ba a zo ba fa?"

Na ce, "Gaskiyarka, kuma na roƙi Hajiya ta yafe min. Amma kai ma amsa min. Wa ya ce ku shafa jan fenti a bakin gonar mutum? Shuɗi ya ƙare a Kano ne? Je ka shafa ja a katangar gidan ubanka ka ce masa hanya kake fitarwa, ka ga ko zai ci tuwo ranar."

Ya buɗe baki, Zulkifli ya dafa shi. Ya ce, "Baba ya fi mu gaskiya a nan. Ni ɗan Birnin Kudu ne, ya kamata in tuna."

Na ce, "Rantse min."

"Da me?"

"Da Allah. Gaban mutanen nan. Ba katafila, ba kwalta, ba awo."

Ya cire hularsa ya ce wallahi, tallahi, ba katafila, ba kwalta, ba awo. Hajiya ta ce ta yafe, amma a gaya wa matar gida furarta ta fi maganin asibiti aiki. Muka raka su mota ana kiran magariba.

Washegari na je gona. Kara sittin da uku suka karye. Waɗanda ba su rabu ba na tayar na ɗaure da juna, sauran na yanke kan na kai gida. Rantsuwa rantsuwa ce, amma duk da haka kullum na ji ƙarar babbar mota daga titi sai na fito na duba. Na yanke dawa, na roro wake, na kai rumbu. Ba abin da ya zo.

Bayan sati biyar mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce Zulkifli ya bugo waya. Suna so su dawo tunda ba su kai sama ba, amma sun ce sun bar fenti, mutum suke so ya shige musu gaba, kuma ni suka ambata.

A'i ta ce, "Kai da ka ce ba mai hankalin da zai hau dutsen banza?"

Na ce, "Har yanzu ina kan bakana."

"To me zai kai ka?"

"In ina gaba, ni zan zaɓi inda za su taka."

Ta gonar Sabo na bi da su. Muka hau, suna nishi suna ɗaukar hoto, Hajiya Raliya a baya da gorar fura a jaka. Rabona da kan Dutsen Kwarya tun kafin in yi aure. Da muka kai suka zazzauna suna cin dabino, suna nuna Fagam da yatsa kamar yau aka kafa ta. Na zagaya na duba ko akwai abin da suka ɓoye min. Dutse ne kawai da kashin biri.

Sai na leƙa ƙasa na nemi gonata. Ga ta can, an share ta, kowace kunya a fili. Iyakata da Sabo ubana ya ja ta a miƙe, daga gindin wata kuka zuwa wani jan dutse. Daga sama ba a miƙe take ba. Ta lanƙwasa ta shigo wajena kamar cikin mai tumbin nan. Na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa. Kunya huɗu.

Zulkifli ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ka gani ko, Baba? Yanzu ka gane abin da ke kawo mu?"

Na ce, "Alhaji, ku gama kallon ku tashi. Ina da magana da wani a ƙasa."